Baba yana son in ci konkur, ni kuwa kiwon kaji nake so

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 26, ina zaune a Garwa, ƙasar Kamaru, gidan mahaifina. Na gama lisans a Jami'ar Marwa shekara uku da suka wuce. Sau biyu ina zana konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, Allah bai nufa ba. Yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, da wannan da 'yan buge-buge na tara sefa 600,000. Niyyata in ajiye koyarwar in zuba kajin nama guda 500. Mahaifina tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ya ce sam, in sake haɗa dosiye, wato takardun shiga konkur, wai wanda ba shi da lambar albashi ko mata ba a ba shi da daɗin rai. Ba na son saɓa masa, amma na gaji da jira. Ku ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa nema albarka.

Bari mu fara da 500 ɗin nan kafin mu zo kan Baba, domin lissafinta kaɗai zai rage maka rabin rigimar. Kazar nama, daga ranar da ta iso 'yar tsako zuwa kwana 45, tana cin abinci kilo 4 zuwa 4 da rabi. Kaji 500 ke nan suna neman buhu 45 mai kilo 50. Mu ƙaddara buhu yana sefa 20,000. Farashi yana motsi, kai ka leƙa shagon masu abincin kaji ka sa na ranar, amma a wannan misali abinci kaɗai ya tashi 900,000, ba a sayi tsako ko ɗaya ba, ba a kafa ko dirka ɗaya ta ɗaki ba. Abin da ke samun mai irin wannan niyya sananne ne. Kuɗi su ƙare a sati na huɗu, daidai lokacin da kajin suka buɗe ciki, ya shiga haɗa musu da dusa, girma ya tsaya, ƙarshe ya kira dillali ya kwashe su a yadda ya ga dama. Jarinka na kaji 100 ne.

Ga yadda 100 ɗin za ta kasance, a kan farashin misali dai. Tsaki a sefa 600, ya zama 60,000. Abinci buhu 9, 180,000. Rigakafi da bitamin da maganin wanke ɗaki, 15,000. Gawayi, shimfiɗa, ruwa da kuɗin mashin, 25,000. Jimla 280,000. In ka kula sosai biyar suka mutu, saura 95, kowace kaza ta tsaya maka kusan 2,950. Ka sayar a 3,500, ka haɗa 332,500, riba 52,500. Wannan kuwa ribar wata biyu ce, domin bayan kwana 45 na kiwo akwai sati biyu da ɗaki zai huta ba kaza a ciki. Ɗaki da mazuban ruwa da na abinci za su ci maka wajen 150,000 in ka yi tsimi. Sauran 170,000 ka ɓoye su, ka manta da su, su ne za su tsaya maka ranar da buhu ya ƙara kuɗi ko zubi guda ya lalace.

Ka ga ke nan ajiye koyarwa bai taso ba tukuna. Albashin makarantar nan, komai ƙanƙantarsa, shi zai ci da kai har ribar kaji ta riƙa komawa cikin kaji. Kaji 100 aikin safe da yamma ne, sai dai kwana goma na farko da ranakun zafi suna son mutum a tsaye a kansu wuni guda. Ka nemi ƙanenka ko wani yaro mai hankali, ka yanka masa lada tun farko, ka sa ladan cikin lissafi. Aikin "ai na gida ne" shi ne wanda ake mantawa da ruwan azahar.

Inda sababbin masu kiwo suka fi faɗuwa shi ne ranar sayarwa, kuma ba su cika ganin ramin ba sai sun afka. Kazar da ta kai kwana 45 tana cin wajen giram 180 a rana. Kaji 95 ke nan kilo 17 kullum, kusan sefa 6,800. Raba 52,500 da wannan ka gani: kwana takwas na jiran mai saye sun cinye ribar kaf. Za ka ce ai suna ƙara nauyi. Gaskiya ne, amma a kasuwarmu ba a ɗora kaza a sikeli. Mai gashi zai ɗaga ta da hannu, ya latsa ƙirjinta, ya faɗi kuɗin da ya saba. Nauyin da ka ƙara da abincinka kyauta ka ba shi. Saboda haka ciniki yana farawa ne kafin tsaki su iso. Ka zaga masu gashin kaji na bakin titi, gidajen abinci, matan da ke girkin biki da suna, ka tambaye su nawa suke ɗauka a sati, wane girma suke so, wa ke kawo musu yanzu, kuma a hannu suke biya ko sai sun sayar. Ka rubuta lambobinsu. Daga sati na huɗu ka fara sa hoton kajin a WhatsApp, abokan aikinka malamai da iyayen ɗalibai su ne masu sayen ɗaya-ɗaya, kuma su ne suka fi biya da kyau. Wanda ya ce a ajiye masa goma, ya ba da kafin alƙalami. Gidan abinci mai cewa "kawo ashirin, ƙarshen wata ka zo", ka ba shi biyar ka ga alƙawarinsa tukuna. Bashin kaza yana da ciwo, domin ranar da za ka je karɓa an riga an cinye ta. Kada kuma ka yi dogaro da cewa in ba su tafi ba za ka yanka ka zuba a firiza. Ka san halin wutarmu in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya.

Kasuwar kanta tana nan. Tun tsakiyar shekarun 2000 da gwamnati ta taƙaita shigo da daskararrun kaji daga waje, kazar da ake ci a ƙasar nan ta gida ce. Sai dai tana da lokuta. Kirsimeti da sabuwar shekara su ne babbar kakar kaji a Garwa, ƙaramar salla tana biye. Babbar salla kuwa kowa yana fama da naman layya, kada ka saita zubinka ya fito a satin. Lissafin baya-baya ake yi: in kana son kaji su isa ranar 22 ga Disamba, tsaki su shigo 7 ga Nuwamba. Kuma tsakin Nuwamba tun Satumba ko farkon Oktoba ake sa suna a biya, don kowa a lokacin yake nema. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokacin da za ka kauce masa shi ne tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi. Babbar kazar nama ta fi jin daɗi a digiri 20 zuwa 24. In ya haura 30 sai ta rage ci, ta saki fukafukai, ta buɗe baki. Garwa kuwa a Afrilu tana wuce 40. A irin wannan rana manyan su ne ke fara faɗuwa, wato waɗanda suka fi cin kuɗinka, yawanci tsakanin azahar da la'asar, ka same su kwance ba alamar ciwo. A shekararka ta farko kada bazara ta same ka da kaji 'yan sati biyar ko shida. In ta kama dole, ka ɗauke abinci daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma, domin narkar da abinci yana ƙara musu zafin jiki, ka bar su su ci da dare da asuba a hasken fitilar sola. Ruwa kada ya yanke ko na minti goma, kuma ya zama mai sanyi. Randa a inuwa ta fi jarkar roba da ta wuni a rana, ruwan da ya yi ɗumi ba sa sha. Ka sa bitamin C a ruwan, ka rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara ta ɓangaren da iska ke shigowa, ka rage yawansu a ɗaki. A ranar da aka saba kaza tana shan ruwa ninki biyu na abincin da ta ci, a bazara yana kai ninki uku ko huɗu.

Shi ya sa ginin ɗakin yake da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. A ƙasar zafi kaza 8 ake sa wa a murabba'in mita ɗaya, saboda haka mita 3 a mita 5 ya ishi 100 har da sarari. Tsawon ɗakin ya miƙe gabas da yamma, don rana ta bi ta kan rufi maimakon ta shigo ta gefe. Bango kada ya wuce santimita 40 zuwa 50, sauran har sama ragar waya. Rufi ya yi tsayin mita 3, ya zarce bango da kusan mita ɗaya saboda feshin damina, in kwano ne a shimfiɗa masa ciyawa ko zana a kai. Shagon bulo mai taga ɗaya da wani zai ba ka aro, ka gode masa ka bar shi, tanda ce. Ƙasa a yi mata daɓen siminti don ta wanku. A zuba shimfiɗa mai kaurin santimita 5 zuwa 8, buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa busasshe ko askin katako. Garin katako mai laushi tsaki suna cinsa ya toshe su.

Wurin kuma kada ya zama tsakar gidanku in akwai kajin gida da zabi da agwagi. Su sun saba da cututtukan da za su share maka ɗaki a kwana uku. In fili za a ba ka aro a bayan gari, ta hanyar Pitowa ko Gashiga, ka duba abu biyu: ruwa a kusa, da wanda zai kwana a wurin, don kazar sati shida ba ta da wuyar shiga buhu. Ko filin kawunka ne, a rubuta takarda gaban jauro ko lawan, shekara nawa aka ba ka, kuma ginin na wane ne in ka tashi.

Yanzu ranar isowar tsaki. Yawancinsu daga kudu suke tasowa, wajen Yawunde da Bafusam, kuma ko daga Ngaundere akwai sauran tafiyar kusan kilomita 280. Tsako yana iya jure kwana biyu zuwa uku da ragowar gwaiduwar da ke cikinsa, amma yana isowa a galabaice. Ka buɗe kwali a gaban mai kawowa, ka ƙirga, ka duba cibiya ta bushe ta rufe, ƙafafu ba su shanye ba, ido a buɗe. Kafin su iso ka riga ka kewaye musu wuri da kwali ko faranti, ka shimfiɗa takarda a kan buntun, ka kunna gawayi awanni kafin nan. Ruwa za su fara samu, da ɗan sukari da bitamin, ka tsoma bakin wasu a ciki, sauran za su kwaikwaya. Bayan awa biyu ka barbaɗa abinci a kan takardar. Satin farko suna son digiri 32 zuwa 33 a daidai tsayinsu, kana rage wajen 3 kowane sati. Ma'aunin zafi ba shi da tsada, amma su kansu tsakin sun fi shi faɗin gaskiya. In sun dunƙule a jikin kasko suna tsiwa, sanyi suke ji. In sun gudu gefe suna haki, wuta ta yi yawa. In sun taru a kusurwa guda, iska ce ke bugunsu ta wani gefen. In sun bazu suna ci suna 'yar ƙara a hankali, ka je ka kwanta. Daren hunturu shi ne abin tsoro: suna hawa kan juna don neman ɗumi, da safe ka tarar da na ƙasa sun mutu. Wani kuma garin gudun haka sai ya liƙe ɗakin ruf da leda, hayaƙin gawayi ya kashe su. Ka bar kafa ta sama kullum, kuma gawayi ya kama sosai a waje kafin a shigo da shi.

Washegari ka kama guda goma ka shafa 'yar jakar abincin da ke gindin wuyansu. Tara ko duka goma su kasance cike da laushi. In ta yi tauri, ruwa ne ba su samu ba. In babu komai, ba su gane abincin ba. Ranar kwana bakwai ka ɗora goma a sikeli: tsakon da ya zo da giram 40 ya kamata ya ninka sau huɗu. In bai kai ba, akwai gyara a ɗumi ko ruwa ko abinci, kuma abin da aka rasa a satin farko ba ya dawowa.

Rigakafi biyu ne ba a wasa da su. Na farko na annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, wadda ke share kajin ƙauye duk hunturu, kaza ta riƙa zawo kore tana murɗe wuya. Na biyu na Gumboro, cutar da ke kama ƙananan kaji ta raunana garkuwar jikinsu. Tsarin da aka fi bi shi ne Niyukasal a satin farko, Gumboro tsakanin kwana 10 da 14, a maimaita ta bayan sati guda, sannan a maimaita Niyukasal wajen kwana 21. Ka tambayi mai sayar da tsakin abin da aka riga aka yi musu, ka kai wa likitan dabbobi ya tsara maka ranakun. Kana da sa'a, LANAVET mai yin rigakafin dabbobi a nan Bokle take, bakin Garwa. Amma yawancin masu cewa "na yi rigakafi kuma suka mutu" ruwan banza suka ba kajin. Maganin yana da rai, zafi yana kashe shi. Daga firjin mai sayarwa zuwa ɗakinka a cikin kula da ƙanƙara zai zo, ba a aljihu a kan mashin ba. Ruwan famfo yana da kulorin, shi ma yana kashe shi, sai ka ɗebi na rijiya mai tsabta ko ka bar na famfon ya kwana biyu a buɗe. Ka sa madarar gari marar maiƙo giram 2 a kowace lita, a mazubin roba wanda ba a wanke da jabel, wato bilic, ba ranar. Ka ɗauke musu ruwa awa ɗaya zuwa biyu da sassafe don ƙishi ya kama su, ka zuba wanda za su shanye cikin awa biyu. 'Yar kwalbar yawanci ta kaji 500 ce ko 1,000, in an fasa ba a ajiye saura. Ka nemi wani mai kiwo ku saita rana ɗaya ku raba kuɗin.

A sati na uku zuwa na huɗu ka riƙa duban kashinsu. In ka ga jini-jini, kaji sun takure gashi a tashe, ciwon hanji ne da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke haddasawa. Akwai maganinsa, amprolium, amma in ba ka kwashe jiƙaƙƙen wurin da ke ƙarƙashin mazubin ruwa ba zai dawo. Ka ɗaga mazuban su yi daidai da bayan kaza, kana ƙara tsayi suna girma. Kada ka mai da maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar gishirin miya, kullum a ruwa. Ɓarnar kuɗi ce, kuma kowanne yana da kwanakin da za a jira kafin a yanka, suna rubuce a jikin leda, mutane ne za su ci naman. A ƙofa ka ajiye kasko da ruwan kirezil mai kashe ƙwayoyin cuta, da takalmin da ba ya fita waje. Dillali kuwa, wanda ya fito daga ɗakunan kaji uku kafin naka, a waje zai tsaya ka fito masa da su. In ka wayi gari kaji suna zubewa da yawa lokaci guda, kada ka yi saurin yankawa ka kai kasuwa, ka sanar da ofishin kula da dabbobi. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Marwa a 2006, ta dawo Yawunde a 2016 har aka rufe kasuwannin kaji.

Abinci shi ne kashi biyu cikin uku na kuɗinka, saboda haka a nan riba take ɓuya. A zubin farko ka sayi haɗaɗɗe, na farawa har sati uku, sannan na girma, kana cakuɗa su kwana biyu zuwa uku lokacin canji. Ka bar koyon haɗi sai ka iya kiwon. Daga zubi na biyu ko na uku za ka ci moriyar zama a arewa, domin masara a nan ake noma ta. Ka saye ta da kaka a kasuwa irin ta Ngong lokacin da ta faɗi, ka tabbata ta bushe ƙayau, ka jera a kan katako nesa da bango. Haɗin da aka saba, a kilo 100, masara ce wajen 63, tunkuzar waken suya wajen 22, ta angurya 5, da kilo 10 na sinadarin da masu shago ke kira konsantire, amma ka bi abin da aka rubuta a buhunsa don ba duka suke ɗaya ba. Abubuwa huɗu ke lalata haɗin gida. Ɗanyen waken suya yana hana narkewar abinci, sai an soya shi. Tunkuzar angurya tana da araha tunda ga kamfanin auduga na SODECOTON a gari, amma tana ɗauke da wata guba da saniya ke jurewa kaza ba ta jurewa, kada ta wuce ɗan kaɗan ɗin nan. Jar dawa tana da ɗaci mai rage ci da girma, fara ko masakwa ta fi. Na huɗu shi ne fumfuna a masara ko ƙuli-ƙuli: tana cin hanta, tana raunana rigakafin da ka yi, kuma ba ta fita da shanya. Buhun da ka buɗe ka ji warin ruma, asararsa ta fi sauƙi a kan asarar ɗaki.

Bayan an kwashe kaji, shimfiɗar nan kuɗi ce. Masu lambun albasa da ganye a bakin Binuwai suna sayen takin kaji buhu-buhu. Ka share, ka wanke da sabulu, ka fesa magani, ka shafe bango da farar ƙasa, ka bar shi sati biyu. Kada ka zuba sababbin tsaki alhali ragowar manya suna gefe.

Sai littafi. Ka sayi na sefa 500, kowace rana layi guda: abincin da aka zuba, wadda ta mutu, abin da aka kashe, abin da ya shigo. Kuɗin kaji su zauna a lambar Orange Money ko MoMo dabam da wadda kake sayen kati da ita. Akwai kuma wani shafi da sai ɗan gida ya san da shi. Baƙo zai sauka, Inna ta ce a kamo guda. Gwaggo ta zo barka, a kamo guda. Ba za ka hana ba, kuma bai kamata ka hana ba. Amma a lissafin da muka yi ribar kowace kaza 550 ce, kazar baƙo ɗaya tana tafiya da ribar biyar da wani abu. Ka ware uku tun farko ka ce waɗannan na gida ne, ka kai wa Inna da hannunka, sauran ka ce an riga an yi cinikinsu. In ka bi shawararmu ta kafin alƙalami, ba ƙarya ka yi ba.

To, mu dawo kan Baba. Abin da yake nema maka abu uku ne: abin da zai shigo duk wata, abin da za ka ci in ka tsufa, da sunan da za a faɗa in an je nema maka aure. Shi da ya yi aikin ya fi ka sanin albashi ba dutse ba ne. A 1993 an zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, yana ciki aka yi. Kada ka ɗauki wannan ka je masa da shi a matsayin hujja, ba a koya wa mutum tarihin wahalarsa. Ka je masa da amsar abubuwa ukun.

Ka karɓi maganarsa ta dosiye, ka haɗa, ka zana da gaske. Za a ce taura biyu ba ta taunuwa, amma kaji 100 da karatun dare suna haɗuwa, kuma watannin bazara da ɗaki zai zauna ba kaji lokacin bita ne. Yawancin manyan konkur suna karɓar mutum har shekara 32, wasu 35, kana da sauran shekaru shida aƙalla. In ma ka ci, dokar ma'aikata ta 1994 da ta hana ma'aikaci kasuwancin kansa ta cire aikin noma da kiwo daga hanin. Wannan Baba zai gane shi da sauri. Maganar tsufa kuma, tun 2014 hukumar fansho ta CNPS ta buɗe wa masu zaman kansu ƙofar biyan fansho da kansu, a yanzu kashi 8.4 cikin 100 na kuɗin da mutum ya bayyana yana samu. Wanda ya bayyana 60,000 zai riƙa biyan 5,040 a wata, kuma cikin sharuɗɗan samun fansho a shekara 60 akwai biyan wata 180. Ranar da ka ajiye wa tsohon ma'aikaci katin CNPS mai sunanka a gabansa, ka yi masa magana da harshen da ya sani.

Rajistar kamfani ba ta gaggawa ba ce a kaji 100. Abin da za ka fara yi shi ne zuwa ofishin ma'aikatar kiwo na yankinku, su san da kai, su gaya maka takardar izinin da ake nema. In harka ta kai ga otal ko makarantar kwana da ke son rasit, sai ka karɓi lambar haraji ka je CFCE, ofishin buɗe kamfanoni. Dokar kasuwanci ta OHADA tana da matsayi mai sauƙi na ƙaramin ɗan kasuwa, kuma tun 2016 ana buɗe kamfanin da ake kira SARL da jarin 100,000. Bashi mai kuɗin ruwa kada ka kusance shi a kan abu mai rai da ba ka gama sani ba. In wani ɗan'uwa zai sa kuɗi a raba riba, a rubuta kason kowa da wanda zai ɗauki asara in ta zo, da shaidu biyu.

Wajen faɗa masa, kada ka tare shi a gaban ƙannenka ko yana dawowa daga masallaci da mutane. Ka fara da Inna, ko wani baffanka da yake jin maganarsa. Sannan ka same shi shi kaɗai bayan isha'i, ka zauna ƙasa, ka ce: "Baba, na ji maganarka, zan haɗa dosiye. Ina neman izininka da albarkarka in gwada kaji ɗari da kuɗin da na tara, ba zan bar makaranta ba. Zubi uku zan yi, kowanne in kawo maka littafin ka duba. In ka ga ba ta tafiya, abin da ka ce shi za a yi." Ka roƙe shi ya riƙe maka 170,000 ɗin nan na ajiya a wurinsa. In zubi ukun sun fito da riba, ka ƙara zuwa 200, wanda zai nemi ɗaki mai mita 5 a mita 5 da buhu 18 na abinci a ƙasa kafin tsaki su iso. Maganar barin koyarwa sai ribar kaji ta wata shida a jere ta wuce albashinka, bayan ka cire ladan yaro da kuɗin CNPS.